Rikodar da Ta Koya wa Gari Tari

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, da idon da ya kumbura har ya fara ba matarsa haushi, Sekuru Tapfumaneyi Gwatidzo na unguwar Mkoba, a madadin iyalinsa da duk wanda ya taɓa hawa lilon dawakan katako mai zagayawa a garin Gweru, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar rikodarsa, wadda aka fi sani da Mbuya, wato Kaka. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, a kan teburin falo, da kaset a bakinta. Ta rasu bayan shekara talatin da ɗaya tana aiki, ban da shekarun da ta yi a hannun wani malamin makaranta kafin nan, waɗanda ba ta taɓa son a tayar da maganarsu ba.

Marigayiya ta yi rayuwarta a ɗan ɗakin katakon da ke gefen lilon dawakai, a filin wasan yara na bakin dam, inda Sekuru Gwatidzo yake jan ƙarfen da ke tayar da lilon. Aikinta ɗaya, waƙarta ma ɗaya: waƙar wani tsohon fim ɗin katun na kunkuru mai raba wasiƙu. Fim ɗin ya zo gari ya yi mako biyu ya wuce, amma ya bar Sekuru da ciwon da bai warke ba har yau. Duk wanda tsautsayi ya taɓa zaunar da shi kusa da Sekuru a motar haya ya san ra'ayinsa. Waƙar katun ta gaskiya, in ji shi, sai da goge, sai mutum mai huhu ya tsaya da ƙafarsa ya rera, sai ta sa babban mutum ya juya baya yana cewa wani abu ne ya faɗa masa a ido. Na yanzu kuwa, "kamar an zuba cokula a tukunya an ba mahaukaci ya girgiza." Akwai direban da ya taɓa roƙonsa don Allah ya sauka tun ba a kai tasha ba.

Cikin kyawawan halayen marigayiya, na farko shi ne ba ta da gaggawa. Ƙa'idar lilon tun asali a bayyane take: waƙa ta fara, lilo ya tashi, waƙa ta ƙare, kowa ya sauka. To, robar da ke juya kaset a cikin Mbuya ta saki tun tana da ƙuruciyarta. Waƙar da masu ita suka yi ta minti uku, ita sai ta kai ta huɗu da rabi, goge yana jan ƙafa kamar mai dawowa daga gona, budurwar da ta rera kuma ta koma da muryar dattijon coci. Haka yaran Gweru suka yi ta samun gyaran minti ɗaya da rabi a kowane hawa, shekara da shekaru, hukumar filin ba ta sani ba. Sekuru ya sani sarai. Da wani mai gyara ya ce a kawo ya canja robar, amsar da ya samu ita ce, "Waƙar kunkuru ce fa, ɗana. Ina za ta da sauri?"

Ta kasance mai riƙon amana. Ba ta taɓa yarda da wani kaset ba sai nata. Wani fasto ya taɓa kawo wa'azinsa a sa wa yara, ta karɓa da ladabi, ta haɗiye shi tun bai gama gaisuwa ba.

Iyali ba za su ɓoye aibinta ba, tunda gari duk ya sani: tana da tari. Wata shekara ta tauna kaset ɗin a tsakiya, Sekuru ya yanke wurin da reza ya manne da jan farcen matarsa. Tun daga ranar, in waƙa ta hau can ƙololuwa, inda kunkuru ya hango gidan da zai kai wasiƙa, sai Mbuya ta ja taraaa-raaa, ta ce kak!, ta yi shiru na numfashi ɗaya, sannan ta ci gaba kamar ba ita ba. Ba ta taɓa ba kowa haƙuri a kan haka ba. Maganar jan farcen kuwa, matar tasa, Maman Rumbi, ba ta bar ta ba har gobe.

Ciwon ajalinta ya soma ne bara, da filin ya koma hannun sababbin masu shi. Suka turo manaja, Munashe Chigwida, saurayi mai kwat da takalmi mai tsini, wanda sai ya duba agogo kafin ya amsa gaisuwa. Aka ɗebe ƙaramin jirgin ƙasa aka kafa rumfar ɗaukar hoto. Aka shafa wa dawakan katako wani fenti mai ƙyalli har suka daina kama da dabbar da Allah ya halitta. Sannan aka zo kan lilo: aka ɗaura masa agogon da ke kashe shi a minti biyu cif, da lasifika mai karɓar umarni daga waya, da sabuwar waƙa. Ashe an sake yin fim ɗin, kunkurun ma yanzu a kan babur yake, da baƙin tabarau.

"Sekuru, zamani ya wuce akwatin nan," in ji manaja. "Layi yana tsawo, mutane suna jira."

"Jira ai shi ne rabin daɗin. Kai ba ka hau lilon nan ba kana yaro? Kamar na san fuskar nan da majina."

"Ni? Ban taɓa jin waƙar nan ba sai da na zo aiki."

Sekuru ya shiga ɗakin katakon. Ya naɗe Mbuya a tawul, ya rungume ta, ya ajiye aiki a ranar. Makullin ɗakin katakon ma da shi ya tafi a aljihu, wai mantuwa.

A gida marigayiya ta sami aikinta na ƙarshe, kuma shi ne mafi girma. Rumbidzai, autar Sekuru, wadda ta koyi tafiya a jikin ɗakin katakon nan, za ta yi aure Asabar ɗin nan, ta ce ba da wata waƙa babanta zai shigo da ita coci ba sai ta Mbuya. Sekuru yana da ciwon gwiwa, yana kuma da girman kan da ba zai bari surukai su gan shi yana ɗingishi ba. Sai ga shi waƙar ta zo masa daidai kamar an auna. Mako shida suna gwaji a falo, daga ƙofar kicin zuwa taga. Yana takawa a hankali gwiwa ba ta ƙorafi, in an zo wurin tarin ya tsaya ya hutar da ita, ya juya ya dubi 'yarsa, duk mai kallo ya ɗauka tsabar ƙauna ce. Ƙaunar ma tana ciki, amma gwiwar ce ta fara neman tsayawar.

Ranar Talata suna tsakiyar gwaji, muryar Mbuya ta fara yin ƙasa. Ta ja taraaa, ta ƙara ja, ta koma gurnani. Ƙaurin ƙonewa ya cika falon. Kalmarta ta ƙarshe rrrr ce, ba ta ko kai ga tarin ba. Aka garzaya da ita wurin mai gyaran rediyo na kasuwa, ya buɗe cikinta, ya ga zaren kaset ya narke ya naɗe ko'ina kamar hanjin kaza. Ya cire hularsa kawai.

Rumbidzai ta lalubo asalin waƙar a waya ta kunna. Mutanen falo suka dubi juna.

"Wa ke korar yarinyar nan?" in ji Maman Rumbi. "Ta tsaya mana ta yi numfashi."

Ango ya gwada rage mata sauri a kwamfuta. Ta yi nauyi, amma sai ta koma kamar ta mashayi, kuma babu tari. Sekuru ya daure ya yi taku biyar da ta wayar, gwiwa ta ƙi, ya zube a hannun kujera.

"Ki nemi babanki ƙarami ya shigo da ke," ya ce. "Ba zan yi tsalle gaban surukai kamar fara ba."

"Baba, ni ba ƙaninka ne ya haife ni ba."

Ta shige ɗaki tana kuka. Shi kuma ya zauna da gawar a cinyarsa, ya ƙi sadza, tuwon masarar da ya saba ci, ya ƙi shayi. Gaskiyar magana, tsoro ne ya kama shi. Zai rasa shigo da 'yarsa, ga shi kuma yana ganin shekara talatin da ɗaya ta rayuwarsa ta narke a cikin akwatin nan, ba wanda ya riƙe ko kaɗan daga cikinta.

Washegari Maman Rumbi ta gaji da ganinsa haka. Maƙwabciya ta tambaye ta ta kan shinge ko lafiya, ta ce, "Ina fa lafiya, an yi mana rasuwa. Amaryarsa ta gwangwani ta tafi." Gatse ta yi, amma a Mkoba ba a jin labarin zaman makoki a bar shayi ya huce. Kafin la'asar tsakar gida ya cika: malamar asibiti, ɗan sanda, masu kayan miya, har direban nan da ya taɓa sauke shi.

Sai ga Chenjerai Madzivire ya iso, sahwiran Sekuru, aminin da al'ada ta ɗora wa cin mutuncin mamaci a gaban masu kuka har sai sun yi dariya. Bai ɗauki aikin da wasa ba don gawar ta ƙarfe ce. Ya yafa tawul ɗin marigayiya a ka, ya soka biro a baki, ya fara zagaya bishiyar lemo yana jan ƙafa.

"Malalaciya ta tafi!" yake cewa. "Ta ci batir ɗin da zai haska asibiti guda! Ta cinye fasto da ransa! Kai kuma Tapfuma, tsohon banza, ka yi wa matarka rabin kukan nan mana mu gani!"

Daga nan ya toshe hanci ya fara kwaikwayon muryarta. Mata suka fashe da dariya. Malamar asibiti ta kama masa, da wasa. Ɗan sanda ya shigo da muryar ƙasa. Kafin a kai baiti na biyu dariya ta ɗauke, mutum wajen arba'in suna rerawa, a hankali, da jan ƙafar nan, ba wanda ya riga wani. Waƙa ta hau, ta hau, ta kai taraaa-raaa, tsakar gida gaba ɗaya ya ce kak!

Tarin da ya fi na kowa ƙarfi daga bakin ƙofa ya fito. Aka waiwaya. Manaja Chigwida ne tsaye da kwat ɗinsa, ya zo karɓar makullin ɗakin katako, waya a kunnensa, bakinsa a buɗe.

"A'a, Manaja!" in ji Madzivire. "Ashe kai ma maraya ne? Shigo, shigo, a ba shi kujera, uwarsa ce ta mutu."

"Na tuna shi yanzu," in ji Maman Rumbi. "Shi ne mai ihu in an sauke shi daga farin dokin nan."

"Ba fari ba ne, Mama," ya ce a hankali. "Mai ruwan ƙasa ne, mai guntun kunne."

Aka sake ɗauko waƙar daga farko. Sekuru ya ajiye gawar a kujera, ya miƙe, ya miƙa wa Rumbidzai hannu. Suka tako daga ƙofar falo zuwa gindin lemo, gwiwa ba ta ce uffan ba.

Saboda haka iyali suna gyara jerin waɗanda marigayiya ta bari. Da farko an rubuta mai ita, da biro biyu na juya kaset, da rabin kwalbar sifirit na goge mata ciki, da tawul ɗaya. Yanzu an ƙara 'ya'ya da jikoki da ba a san adadinsu ba, warwatse a asibitoci da tashoshi da ofisoshi. Ana gane su da tari.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Za a ɗauki gawa daga gida ranar Juma'a da ƙarfe goma na safe, a cikin kwalin takalmin ango. Manaja Chigwida ne zai ɗauka, kuma an gargaɗe shi kada ya duba agogo. A filin wasa za a ɗora ta a kan doki mai guntun kunne ta yi zagayen bankwana, an kashe agogon lilo, minti huɗu da rabi ba ragi. Za a binne ta a bayan ɗakin katako. Bayan nan za a raba kayan mamaciya kamar yadda aka saba: maɓallan ga Madzivire, sakakkiyar robar ga mai gyaran da ya so canja ta, sifirit ga Maman Rumbi a madadin jan farcenta. Akwai shayi da burodi. Duk wanda ya kunna waƙar kunkuru mai babur, ko da kuskure ne, Sekuru zai zauna kusa da shi a mota har gida.

Ranar Asabar kuma da ƙarfe goma sha ɗaya, ana roƙon duk 'ya'yan marigayiya su hallara a coci, domin ba za a kunna komai ba, su ne za su rera. Wanda bai iya ba ya zo hakanan ya yi shiru. Wanda ya iya ya ja ta a hankali yadda aka koya masa. In an zo wurin tarin kuma, don Allah kada a yi saurin wucewa. A nan ne uban amarya zai tsaya ya dubi 'yarsa.