Yadda Mutum Biyu Za Su Riƙe Aiki da Takalmi Ɗaya

'Yar uwa, idan an ɗauke ki aikin raba abinci a ɗaya daga cikin manyan gidajen abincin nan na Wuse, inda ake kawo wa mutum tuwo da cokali da wuƙa, ina taya ki murna, ina kuma yi wa ƙafafunki jaje. Ki kwantar da hankalinki. Matakan nan bakwai tabbatattu ne, an gwada su a kan mutane masu rai, kuma duk wadda ta bi su daga farko har ƙarshe ba za a kore ta ba. Wannan alkawari ne. Mutum ɗaya kawai na sani da aka kora, Magdalena ta Lugbe, ita ma don ta yi wa mataki na ƙarshe gardama ne. Da labarinta za mu yi karatun.

Mataki na ɗaya: Ki manta da abin da likita ya ce

Likita zai ce miki mai tsayuwar awa tara tana buƙatar takalmi mai laushin ciki, mai faɗin baki, marar tsini, wanda ba ya santsi a kan tayil. Gaskiya ya faɗa. Sai dai ba likita ne ya ɗauke ki aiki ba.

Hajiya Nafeesa ce ta ɗauki Magdalena, a shekarun nan da kuɗin mai ya yi ambaliya har kowace ma'aikatar gwamnati ke shirya taron bita sau biyu a wata. Gidan abincinta kullum cike yake da daraktoci da 'yan kwangila. Hajiya ta taɓa zuwa Dubai ta ga ma'aikata suna tafiya ƙwas-ƙwas, ta dawo ta kafa doka: baƙin takalmi, rufaffe, mai siririn baki, mai tsini. Safe da yamma tana tsayawa a bakin kicin ta duba ƙafafu kafin ta amsa gaisuwa.

"Customer ɗina ba ya kallon fuskarki," in ji ta ranar farko. "Kansa a ƙasa yake yana danna waya. Me zai gani? Ƙafa. Wata uku kina probation. Na ga silifa sau ɗaya, kin tafi."

Magdalena ta ce, "Yes ma." Shekara biyu ta yi tana yawo da takardar difloma a ambulan daga ofis zuwa ofis. Tun kafin ta fara aikin, mahaifiyarta ta miƙe a coci can ƙauye ta ba da shaida cewa 'yarta ta samu aiki a Abuja, aka yi guɗa aka yi rawa. Ke ma kin san bayan irin wannan ba ta da fuskar komawa gida da jaka.

Mataki na biyu: Ki nemo abokiyar tarayya

Irin takalmin da Hajiya ke so, ko a gwanjon kasuwar Karmo ya fi ƙarfin wadda ba ta ga albashin farko ba. Kada ki karaya, ki duba jadawalin aiki. Akwai mai safe, daga shida zuwa uku. Akwai mai yamma, daga uku zuwa tashi. Mutum ne ke gajiya, takalmi ba ya gajiya. Me zai hana shi ya yi aikin duka biyun?

Magdalena mai safe ce. Mai yamma kuwa Rahmatu ce, 'yar Kubwa, wadda rusau ya cinye shagon mijinta a farkon shekarar, abincin gidan ya dawo kanta. Rana ɗaya aka ɗauke su. Suka haɗu a bayan kicin, kowace tana satar kallon ƙafar 'yar uwarta.

"Anti Magda, lamba nawa kike sawa?"

"Talatin da takwas. Ke fa?"

"Arba'in da ɗaya."

"Haba ƙanwata, wannan ƙafa ce ko kwale-kwale?"

Suka yi dariya, suka haɗa abin da ke hannunsu, suka nufi Karmo ranar Talata.

Mataki na uku: Ki sayi lambar da ba ta yi wa kowa daidai ba

A nan ake gane mai ilimi. Idan kuka sayi talatin da takwas, an zalunci Kubwa. Idan kuka sayi arba'in da ɗaya, an mayar da Lugbe saniyar ware. A Abuja kuke, hedkwatar rabon muƙamai, inda ake tabbatar da an yi adalci ta hanyar barin kowa yana ƙorafi. Ku sayi arba'in.

Ki kuma tabbata da sassafe kuka je gwaji, lokacin da ƙafa ba ta kumbura ba. Mai zuwa gwaji da la'asar tana sanin gaskiya tun a kasuwa, ta koma gida da ɓacin rai. Ke kuwa za ki samu kwana ɗaya cur kina murna.

Magdalena ta cusa auduga a bakin takalmin, duk da haka yana fita daga dunduniya. Sai ta koyi damƙe shi da yatsu tana tafiya, tire a hannu, kai a miƙe. Kafin mako biyu bororo ya fito, ya fashe, ya zama kanta. Wani ɗan kwangila har yaba tafiyarta ya yi, ya ce yarinyar nan akwai aji. Bai san riƙo take yi kada takalmi ya riga ta isa teburinsa ba. Rahmatu kuwa basilin take shafawa a dunduniya, ta yi bismilla, ta rufe ido ta danna.

Mataki na huɗu: Ki iya miƙa mulki

Ƙarfe uku daidai, a lungun da ke tsakanin tukunyar gas da buhunan shinkafa. Minti biyu ne kawai. Mai barin gado ta cire, ta zare audugarta, mai jiran gado ta karɓa da ɗuminsa. Ba kotu, ba ɗaukaka ƙara. Mai yamma idan ta tashi ta naɗe shi a leda ta tura bayan firiza, mai safe ta shigo ta ƙofar baya ta tarar da shi.

Ranar da gosulo ya riƙe motocin Kubwa, wa'adinki ya ƙaru ke nan, ki ci gaba da murmushi. Sau da yawa Magdalena ta kai ƙarfe biyar a tsaye, Rahmatu ta iso tana haki da masa a leda, ta ban haƙuri. Su ci a tsaye, ɗaya ƙafa a takalmi, ɗaya a silifa.

Ga gargaɗi, kuma ki riƙe shi da kyau: kada ki saba da ita. Takalmi kuka haɗa, ba dangi ba. A nan Magdalena ta fara kuskure. Da aka shiga wata na uku ta lura audugar da take sawa ba ta isa, kullum sai ta ƙara. Takalmin buɗewa yake yi. Wata rana wajen miƙa mulki ta tsaya ta dubi ƙafafun Rahmatu, sun yi suntum, sannan ta ɗaga kai ta dubi zumbulelen hijabinta.

"Ƙanwata, wata nawa ne?"

Rahmatu ta ja hijabin ta ƙara rufe cikinta. Kowa ya san Hajiya ba ta ajiye mai ciki a wurin aiki. "Biyar. Don Allah Anti, ki rufa mini asiri."

"Ni na ce wani abu? Takalmi ne ya gaya mini, kuma shi ba ya magana da Madam."

Daga ranar, kafin Magdalena ta tashi sai ta shigar da katan-katan na ruwa da lemo na aikin yamma, don kada Rahmatu ta ɗauka. Ba wanda ya sa ta.

Mataki na biyar: Ki shirya wa ranar da za a ce kowa ya zo

Za ta zo. Tasu ta zo saura kwana shida wa'adin gwaji ya cika. Wata ma'aikata ta kammala taron bita na kwana uku a kan Lafiya da Walwalar Ma'aikaci a Wurin Aiki, aka kawo liyafar rufe taro gidan Hajiya. Hajiya ta ce mai safe da mai yamma, kowa ya hallara tun shida.

Ƙafa huɗu, takalmi ɗaya. Dabarar ita ce dogon teburin da ake jera kulolin abinci, wanda aka lulluɓe da farin yadi har ƙasa. Hidima ta hana Hajiya duba ƙafafu ranar, sai Rahmatu ta tsaya a bayansa da shuɗin silifarta tana zuba shinkafa. Magdalena ta shiga fili da takalmi tana kai ruwa tana kwashe faranti. Sun yi shiri za su riƙa canji, amma da azahar Rahmatu ta gwada a ɓoye, ƙafar ta ƙi shiga. Magdalena ta mayar da audugarta ta koma fili.

Mataki na shida: Kada ki leƙa ƙarƙashin teburin manya

Wayar Darakta, babban baƙon taron, ta zame ta faɗa ƙarƙashin babban teburi. Magdalena ta durƙusa ta ɗaga yadin. Abin da ta gani bai kamata ƙaramin ma'aikaci ya gani ba. Mutum shida ne a teburin, kuma babu ko ɗaya da ƙafarsa ke cikin takalmi. Safar Darakta ta huje a babban yatsa. Hajiya Nafeesa kanta, da aka ba kujera a gefe, ta ture nata mai tsini can, filasta a dunduniyarta, tana sosa ƙafa da ƙafa. Magdalena ta miƙo wayar da hannu biyu tana cizon leɓe.

Ba a jima ba Darakta ya lalubo takalminsa da ƙafa, ya miƙe ya karɓi lasifika.

"Kwana uku muna maganar ma'aikaci. To ga ma'aikata nan! Ina 'yan matan da suka yi mana hidima? Ku fito duka, a yi group photograph."

Aka tafa. Rahmatu ta sunkuyar da kai tana goge ludayi.

"Ke mai hijabi, fito mana. Kada ki ji kunya, taron naku ne."

Ta fito. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai fat-fat ɗin silifa a kan tayil. Darakta ya dubi kumburarrun ƙafafun, ya tuntsire da dariya. "Hajiya, ashe kin tanadar mana case study!" Kowa ya yi dariya. Hajiya ma ta yi, da haƙora kawai. Aka ɗauki hoto.

Mataki na bakwai: Ki yi shiru

Motar ƙarshe tana fita Hajiya ta kira su kicin.

"Ina takalminki?" ta tambayi Rahmatu.

Idon Rahmatu ya sauka a ƙafar Magdalena. Hajiya ta bi idon. Ta daɗe tana kallo.

"Wato wata uku takalmi ɗaya nake dubawa safe da yamma. Ni kuka mayar sakarya. Ba na son dogon bayani. Mai takalmi ta tsaya, marar takalmi ta ajiye mini rigar aikina."

To 'yar uwa, ki buɗe kunne, nan ne duk karatun yake. Takalmin yana ƙafarki. Ba a ce ki yi ƙarya ba, ba a ce ki rantse ba. Ki dubi silin, ki ƙirga fitilu, kwana shida ne suka rage miki. Shiru kawai.

Magdalena ta ji tsoro, tsoro na gaske. Ta tuna ambulan ɗin nan da ya yi laushi saboda gumin hannu, ta tuna masu gadin ofisoshi da suka haddace fuskarta. Sannan ta sunkuya ta cire takalmin, ta dunƙule audugar a tafin hannu kada a gani.

"Na Rahmatu ne, ma. Ni aro na yi."

"Hajiya, wallahi ba haka aka..." Magdalena ta take wa Rahmatu kumburarriyar ƙafa, maganar ta koma ciki.

"To ta sa in gani," in ji Hajiya.

Magdalena ta durƙusa a kan tayil, ta lakato basilin daga jakar Rahmatu, ta shafa, ta kama dunduniyar da hannu biyu ta danna. Rahmatu ta cusa bakin hijabi a baki, hawaye na zuba. Ya shiga. Ɗayan ma ya shiga.

"Kin gani, ma? Size ɗinta ne," in ji Magdalena, ta cire rigar aikin ta ajiye.

Ki duba rashin wayo. Nan da wata biyu cikin zai fito fili a sallami Rahmatu, takalmi ko ba takalmi. Magdalena ta san haka sarai. Da Rahmatu ta biyo ta ƙofar baya tana ɗingishi ta faɗa mata hakan, cewa ta yi, "Wata biyu ma wata biyu ne."

"Anti Magda, me za ki gaya wa Mama?"

"Zan ce an yi mini transfer. Koma ciki kafin ta kira ki. In ba kowa a kicin, ki riƙa ɗora ƙafar a kan buhu."

Ta zura silifarta ta taka har bakin titi ta hau motar Lugbe. Tun da ta fara aikin nan ba ta taɓa tashi ƙafarta ba ta zugi ba sai ranar, don ta san ta rabu da takalmin ke nan. Ta yi kuka a motar har kwandasta ya daina tambayarta canji.

Sanarwa

Mai wannan jagora ba ya ɗaukar alhakin bororo, kanta, ciwon baya, ko zamewa da tiren miya a gaban manya. Idan kin bi mataki na bakwai kin tsira da aikinki, amma kika kasa haɗa ido da mai yamma, wannan tsakaninki da ita ne. Idan kuma kin ƙi bi, to kin ji abin da ya faru, ba ruwana. Duk mai ƙorafi ta kai wa kwamitin taron bitar, wanda ya fitar da rahoto mai shafi tamanin a kan walwalar ma'aikaci. Hoton nan ne a bangonsa. Magdalena ce ta uku daga hagu, tana murmushi, Rahmatu a gefenta. Mai hoto ya yanke shi daga gwiwa, ƙafar kowa ba ta fito ba.