Rasuwar Na-Saude, Mazubin Tsuntsayen Sallah

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan guntun haƙurin da mutanen garin nan suka rage mata, 'Yar'azumi maginiya ta bakin kogi a Haɗejiya tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka daina zama abokan arziki tun ranar da roba ta shigo kasuwa, rasuwar mazubinta mai suna Na-Saude. Ya rasu ranar Talata, goma ga watan azumi, shekara biyu bayan zuwan naira, tsakanin la'asar da magariba, a kan murhun gidansu. Ya bar duniya yana da shekara arba'in da 'yan kai. Bai yi jinya ba. Kashe shi aka yi da man gyaɗa.

Saboda masu saurin mantuwa, ga ko wane ne marigayin. Gasasshen yumɓu ne mai faɗin faifai, da gurbi bakwai a fuskarsa, kowane gurbi da siffar tsuntsunsa: dinya, kirinjijiya, gauraka, shamuwa, zalɓe, belbela da jinjimi. Idan azumi ya kama, sai a barbaɗa masa toka, a danna ɗanyen yumɓu a kowane gurbi, a kife shi a kan tabarma, tsuntsaye su faɗo. A huda su, a shanya, a gasa, a shafe su da farar ƙasa da jar ƙasa da shuni. Akwai lokacin da ba a kiran ɗakin mace ɗakin Sallah a garin nan sai an ga tsuntsun Na-Saude yana lilo a bakin ƙofa ko a kan gado. Masu musun haka su tambayi iyayensu mata, idan har suna gaisawa da su.

Marigayiya Saude, mahaifiyar mai sanarwa, ita ta gina shi. Damina uku tana bin mijinta kamun kifi a fadamar Baturiya, shi yana kallon ruwa ita tana kallon tsuntsaye, sannan ta zauna ta zana kowane gashi da ƙayar kifi. Da ta gama ta danna babban yatsanta a bayansa. Abin da ya sa ake kiransa Na-Saude ke nan, domin a gidan nan kayan aiki sunan mai yatsa yake ɗauka. 'Ya ba ta kiran sunan uwarta, kowa ya sani. Ta bakin wannan kasko kaɗai 'Yar'azumi ta taɓa furta sunan mahaifiyarta, kuma ta furta shi kullum har shekara arba'in ba wanda ya ce ta yi rashin kunya.

Marigayi ba mai surutu ba ne. Magana biyu aka san shi da ita. Idan an ƙwanƙwasa gefensa da farkon azumi don a ji lafiyarsa, yakan ce “ƙal”, a taƙaice, a tsabtace. Idan tsuntsu zai bar gurbi, yakan ce “ɓat”. Bai taɓa riƙe tsuntsu ba, bai taɓa sakin gauraka babu tukku ba. Ya ga shekarar da ruwa ya ci rabin unguwa, ya kwana biyu a kan rufin ɗaki a cikin zanen mai sanarwa, ita tana rawar ɗari shi yana lulluɓe. Ya ga shekarun farin nan da kogi ya koma rairayi, ya yi aiki da yumɓun gindin rijiya bai yi ƙorafi ba. Mai sanarwa ta zauna da maza biyu a rayuwarta, Allah ya jiƙansu, ba ta ga wannan hali a wajen ko ɗaya ba.

Duk da an ce bai yi jinya ba, gaskiya ita ce ya daɗe yana fama da ciwon wulaƙanci. Ciwon ya kama shi ne shekarar da Umara mai tebur ya fara sauke furannin roba daga Kano, da wasu tsuntsayen roba masu launin da Allah bai halicci tsuntsu da shi ba, ja kamar an yanka su, bakinsu a karkace, ƙamshinsu na sabon takalmi. Matan garin nan, waɗanda aka haifa suna jin kukan kirinjijiya ta bayan katanga, suka yi wa teburin Umara dafifi. Wai roba ba ta fashewa. Wai ana wanke ta. To, a wanke. Mai sanarwa tana so a rubuta cewa har yau ba wanda ya iya gaya mata sunan tsuntsun nan na Umara, shi kansa Umaran da aka matsa masa cewa ya yi sunansa “Ingila”.

Sallar bara 'Yar'azumi ta yini a kasuwa da kwando cike, ta tashi da shi cike. A hanyar gida ta ratse bakin kogi ta juye shi kaf a ruwa, ta ce gara kifi ya more kallo. Ba ta bar ko ɗaya ba. A ganinta ba asara ba ce, tunda uban tsuntsaye yana gida a ƙarƙashin gado. Tana roƙon a lura da wannan, domin shi ne abin da ke hana ta barci. Ita dannawa ta gada, ba ta gaji zana gurbi ba, ga hannunta ya fara rawa. Hanya ɗaya ce ake tayar da mazubin da ya mutu: a samo lafiyayyun tsuntsayen da suka fito daga cikinsa, a danna su a sabon yumɓu. In babu su, aikin Saude ya ƙare a duniya.

Ga yadda ajali ya zo. Ranar Talatar, mai sanarwa ta fito da marigayi, ta wanke shi tas, ya sha ruwa ya ƙoshi, ta jingine shi kusa da murhu don ya tsane, ta tafi marina sayen shuni. A gidan akwai wata baƙuwa daga Miga, mace mai shekara ashirin da huɗu, matar malamin gona, wadda ta yi makaranta har tana karanta takardar asibiti. Wannan mai ilimi ta dubi kasko mai gurbi bakwai a gefen murhu, a cikin watan azumi, ga ƙullun shinkafa ya tashi, sai ta yanke hukuncin cewa tanda ce. Ta ga fiffike, ta ga baki, ta ga tukkun gauraka, duk ba su sa ta tsaya ba. Ta ce a ranta mutanen Haɗejiya ’yan gayu ne, har tandarsu ado gare ta. Ta ɗora shi a wuta, ta zuba mai, ta zuba ƙullu.

Ko a nan marigayi bai ba da kunya ba. Zubi biyu ya yi, waina goma sha huɗu, kowace da fiffikenta. A zubi na uku, daidai lokacin da mai sanarwa ta sa ƙafa a zaure, ya yi maganarsa ta uku kuma ta ƙarshe. Ya ce “tas”. Ya rabu gida biyar.

Mai sanarwa ba za ta ambaci sunan wadda ta aikata ba. Kada a ɗauka rufin asiri ne, ba ta cancanci rufin asiri ba. 'Yar farinta ce. Tun ranar suna ba ta taɓa kiran sunan ba, ba ta taɓa dubanta ido cikin ido a gaban mutane ba, kamar yadda kowace uwa mai kunya take yi. Ana yaye ta Goggo Yelwa ta ɗauke ta riƙo zuwa Miga, can ta girma, can aka yi mata aure, ba ta taɓa yin azumi a gidan nan ba sai bana da aka yi wa mijinta canjin wajen aiki. Ba ta taɓa ganin marigayi ba, ba a taɓa ba ta labarinsa ba. Wai ta ga hannun uwarta yana rawa, ta so ta hutar da ita suyar buɗa-baki. Mai sanarwa ta ji wannan uzuri, ta ajiye shi inda take ajiye irinsa.

Wainar kuwa maƙwabta aka aika wa, domin ba mai iya cin ta a gidan. Washegari mata shida suka zo. Mai sanarwa ta shimfiɗa tabarma tana zaton ta'aziyya ce. Hajo ta gidan bayan masallaci, wadda rabonta da sayen tsuntsu shekara biyar, ta buɗe baki ta ce, “Yaya, wannan waina mai fiffike, in za a sake yi a sa da ni.” Allah ya ba mai sanarwa ladan azumin ranar, domin ta haɗiye amsar.

Marigayi ya bar 'ya'ya da ba sa ƙirguwa, a Haɗejiya da Jahun da ƙauyukan fadama. Kwana huɗu mai sanarwa tana bin gida gida da bakin azumi tana cigiyarsu. Abin da ta gano game da riƙon amanar mutanen garin nan shi ne: wasu an ba yara sun yi wasan jifa da su, wata dinya tana tokare ƙafar gado, wani zalɓe an mai da shi magogin kaushi. A gida talatin da ɗaya ta samu belbela guda, ita ma babu kai. A kowane ɗaki kuwa tsuntsun Umara yana rataye yana kallonta da karkataccen bakinsa. Ta dawo gida ta zauna a gaban tsingaro biyar, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka binne Saude.

Sai ga mai laifin ta fito daga ɗaki ɗauke da wata kwalla mai murfi, ta durƙusa daga nesa, ta turo ta, kanta a sunkuye. A ciki akwai tsummoki, a cikin kowane tsumma tsuntsu. Ashirin da biyu. Duk iri bakwai ɗin suna nan, ba wanda ya rasa ko ƙwayar ido. Mai sanarwa ta gane su. Kowace Sallah takan zaɓi wanda ya fi kyau ta ba Fannami mai kai kifi Miga, ba saƙo, ba gaisuwa, ba a ce daga wa ba, sai dai a ce a ba yarinyar gidan Goggo Yelwa. Ta ɗauka an daɗe da fasa su. Mai laifin ta ce, “Inna, na san daga ina suke zuwa. Ban san daga cikin me suke fitowa ba.”

Saboda haka a gyara lissafin magada. Marigayi ya bar 'ya'ya ashirin da biyu, dukansu a hannun wadda ta kashe shi. A duk faɗin ƙasar Haɗejiya mutum ɗaya ce ta riƙe su da daraja, ita ce kuma ba ta san tanda ba. Mai sanarwa ba ta janye maganarta a kan wautar ba, wauta ce, za ta ci gaba da faɗa.

Ga tsarin jana'iza. Ba za a yi masa salla ba, yumɓu ne, mai sanarwa baƙin ciki take yi ba hauka ba. Gawar za ta zauna a ƙarƙashin gado har ruwa ya janye daga fadama a samu yumɓun kirki, kafin Babbar Sallah in Allah ya kai mu. Ranar za a daka tsingaron a turmi, a tankaɗe, a cuɗa garin da sabon yumɓu, kamar yadda magina suke yi don kada sabon gini ya tsage a wuta. Gutsuren da ke ɗauke da yatsan Saude kaɗai za a cire. Ana karɓar gaisuwa daga hantsi zuwa azahar. Mai zuwa da furen roba ya tsaya a waje. Mai tambayar waina kada ta taso. Umara ba a gayyace shi ba.

Tunda hannun mai sanarwa ba ya tsayawa, wadda ta yi kisan ita za ta yi dakan, ita za ta danna tsuntsaye bakwai a gurabensu, ita kuma za ta sa babban yatsanta a baya. Ba yafiya ba ce, hukunci ne. Dokar gidan nan kuma ba ta canza ba, kayan aiki sunan mai yatsa yake ɗauka. Magajin marigayi za a raɗa masa suna Na-Zinariya. Mai sanarwa ta bincika wajen manya, an tabbatar mata kunyar 'yar fari ba ta hana a kira sunan kasko ba, kuma ta yi niyyar kiransa safe da yamma, da ƙarfi, yadda za a ji daga ɗakin baƙi.