Agogon Dakta Shitu a Hannun Goggo Yalwa

'Yata Baraka tana aiki a wani ɗakin bincike na jami'a, inda injiniyoyi ke ƙera kayan asibiti. Ni da na koyi karatu a tsofaffin littattafanta na firamare, in ta dawo nakan zaunar da ita ta ba ni labarin wurin, in tsinci abin da na tsinta. Akwai mai ƙera ƙafar roba, Injiniya Gambo, shekara uku yana fama da haɗa gwiwa ɗaya. Akwai wata baiwar Allah da ke neman yadda kwalbar bakwaini za ta riƙe ɗumi ko an ɗauke wuta. Sai shugabansu, Dakta Shitu, shi nasa binciken a kan rawar hannu ne, irin wadda ke kama tsofaffi har kofin shayi ya gagare su kaiwa baki. Ya ƙera wani abu kamar agogo, amma ba ya faɗin lokaci. A ɗaura wa mutum mako guda, duk karkarwar da hannunsa ya yi sai ya rubuta.

Da suka tashi neman tsofaffin da za a gwada, Baraka ta ba da sunan maƙwabciyarmu Goggo Yalwa. Goggo ita ce mai wankan jarirai a layinmu, Barakar ma ita ta fara zuba mata ruwa. Ta miƙa hannu aka ɗaura, tambayarta ɗaya ce, ko zai hana alwala. Aka ce ruwa ba ya masa komai.

Mako ya cika aka kwance. Bayan kwana huɗu sai ga takarda, wai a kawo Goggo, an ga wani abu a hannunta na dama. Takardar kuwa a hannun ɗanta Lawwali ta faɗa, ga matarsa da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe. Nan take ya yanke hukunci: sai an san abin da ke hannun nan, Goggo ba za ta riƙe masa jariri a kan ruwan zafi ba, zai ɗauko wata daga unguwar gaba. Ranar nan Goggo ko tuwo ba ta taɓa ba. Ta wanke 'ya'yan layi kaf, a ce jikanta na fari wata ce za ta wanke.

Ni na raka ta. Ɗakin duk wayoyi ne da allunan kwamfuta, ga wata ƙafa tsaye a kan tebur ita kaɗai, har da takalminta. Goggo ta kalle ta, ta yi mata addu'ar Allah ya haɗa ta da mai ita.

Dakta Shitu ya tarbe mu da fara'a, ya durƙusa ya gaida Goggo, sai dai fara'ar ta ɗan yi yawa ga mai shirin faɗa wa tsohuwa tana da ciwo. Ya juyo mana da allo, ga wani layi ya ratsa shi. Ya ce wannan layin hannunta ne. Yawancin yini yana kwance lafiya lau, sai can ya ɗauki karkarwa, ƙanana ƙanana, a jere kamar an auna, wajen sau ɗari, sannan ya tsaya cak. Sau biyar a rana, bai taɓa tsallake ko kwana ɗaya ba, kuma akwai guda da ya fi sauran tsawo. Ba ita kaɗai ba ma, cikin tsofaffi ashirin da aka gwada, goma sha bakwai haka nasu yake. Ya ce ya duba littattafai bai ga mai irinsa ba, har ya rubuta wa abokan karatunsa a ƙasar waje, yana ma tunanin sunan da za a sa wa ciwon.

Goggo ta kalli hannunta, ta juya shi gaba da baya. Ta tambaya da ƙarfe nawa abin yake kama ta, don ita ba ta taɓa ji ba.

Dakta ya ce ai na'urar ba ta bin agogon bango, tana lissafi ne tun daga sa'ar da aka ɗaura ta, kuma wannan ba shi ne muhimmi ba. Goggo ta ce ita dai a gaya mata. Ya sa Baraka ta mayar da lissafin. Ta fara karantowa da ƙarfinta: biyar da rabi na asuba, shi ne mai tsawon. Biyu da kwata. Huɗu da rabi. Daga nan muryarta ta fara yin ƙasa. Bakwai saura. Na biyar ɗin ba ta ma faɗa ba, ta sunkuyar da kai. Ni ma na samu wani wuri a siminti na zuba masa ido.

“Ɗaura mini abin nan, 'yar nan,” in ji Goggo.

Baraka ta ɗaura. Goggo ta sa hannu cikin hijabi ta zaro carbinta, ta gyara zama, ta fara ja. Layin allo ya tashi yana tsalle. Talatin da uku, ya huta. Talatin da uku, ya huta. Injiniya Gambo, da ya leƙo daga teburinsa, ya ɗauki ƙafar nan ya fita da ita waje, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Goggo ba ta katse ba sai da ta cika ɗari, ta shafa. Sannan ta ce wa Dakta ya rubuta wa Lawwali takarda, da irin hatimin waccan, cewa hannun uwarsa lafiyarsa ƙalau. Ya rubuta, gumi na tsattsafo masa duk da na'urar sanyaya ɗaki. Ta ba ni na karanta mata a hankali, kalma kalma, ta ninke ta ɗaure a bakin zane.

Da ya yi shiru a nan da an rabu lafiya. Amma sai ya ga ma'aikatansa na kallonsa, ya ce a yi masa adalci, shi ma bai yi garaje ba. Kafin ya ɗaura wa kowa, shi ya fara ɗaurawa mako guda cur, don a samu lafiyayyen hannu da za a riƙa gwada na sauran da shi. Ya danna, wani layi ya fito, a miƙe sumul kamar igiyar shanya.

“Kin gani, Goggo? Wannan nawa ne. Ni ma ina salla, amma kwana bakwai ko gezau bai yi ba.”

Goggo ta matsa kusa da allon, ta bi layin da ido tun daga farko har ƙarshe. Ta mayar da carbinta cikin hijabi.

“Sannu, Dakta,” ta ce. “Allah ya sa ka kamu da irin nawa.”