Tasi'u da Sandar Sharo

Ranar wata Laraba da ƙarfe huɗu na yamma maganar ta fara, a ƙaramin ɗakin taro na sashen Hausa a wata kwalejin ilimi. 'Yan aji biyu ne suka taru za su raba matsayi a wasan kwaikwayon da za su yi na jarrabawa. A kwas ɗin nan ba a rubuta komai a takarda. Abin da ka yi a kan dandamali shi ne makinka. In ka ɓata, sai baɗi.

A cikinsu akwai wani Tasi'u. Duk kwalejin an san shi, ba don karatu ba, don baki. In ana hirar maciji, ya taɓa kama gamsheƙa da hannu ɗaya yana cin gyaɗa da ɗayan. In ana hirar ruwa, ya taɓa ƙetare kogi da buhun masara a ka. Siriri ne kamar sillen kara, amma in ya tako sai ya ware hannuwa kamar mai ƙurji a hammata.

Ramlatu ce shugabar rukunin, ita ta rubuta wasan, ita ce kuma mai haɗa kayan wasa. Yarinya ce mai sanyin magana, ba ta gardama da kowa. Ta miƙe ta yi bayani. Labarin wani saurayi ne makiyayi da zai shiga sharo ya nuna ya isa namiji. Sharo kuwa an san yadda yake: saurayi ya tuɓe riga, ya ɗaga hannu riƙe da madubi yana kallon fuskarsa, abokin karawarsa ya zuba masa sanda a haƙarƙari, shi kuwa ko gezau, har murmushi zai yi. Wanda ya motsa ya ji kunya.

Ta ce, "Na so Gidado ya fito a jarumin."

Gidado wani dogo ne mai faɗin ƙirji, yana iya wuni bai ce uffan ba. Kafin ya buɗe baki Tasi'u ya yi zumbur ya miƙe.

"Wane Gidado? Mutumin da ya tashi a tsakiyar gari, ko akuya bai taɓa tatsa ba? Ni nan da kuke gani dangin mahaifiyata duk a ruga suke. Sharon da na shiga ba ya ƙirguwa. Akwai wanda ya karya sandarsa a jikina ya zauna yana kuka, ni na rarrashe shi."

Wata daga baya ta ce, "To ina tabon, Yallabai?"

"Jikin da aka dafa yana tabo ne? Ke dai yi karatunki."

Gidado ya ɗaga kafaɗa ya ce, "A ba shi. Ni sai in yi dukan."

Aka ba shi.

Abin da Tasi'u ya taka ya yi wannan rawar kai, kowa ya san shi daga baya. Malamar kwas ɗin, Malama Uwani, tana da doka tun ranar farko: a kan dandamalinta ba wuƙa, ba wuta, ba sandar gaske. Cewa take, "Ba zan tsaya a asibiti ina yi wa iyayen wani bayani ba." Tasi'u bai cika zuwa aji ba, amma wannan maganar ya ji ta da kyau.

Saboda haka Ramlatu ta yanko soson tsohuwar katifa, ta naɗe shi da ƙyalle ruwan ƙasa, ya zama sanda. Gaskiya ba ta yi kyau ba. In Gidado ya ɗaga ta sai ta langaɓe kamar lawashin albasa. Nan Tasi'u ya samu abin yi. Kullum aka zo gwaji sai ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Hajiya Ramlatu, wannan sanda ce ko matashin kai? Ni za a daka da wannan? In labari ya kai ruga ai na gama yawo. A samo min tsumagiyar tsamiya ɗanya, mai ƙulli-ƙulli."

"Na ji, Malam Tasi'u. Za a duba."

"Kai kuma Gidado, ranar wasa ka zuba iya ƙarfinka. In ka tausaya min ban yafe ba."

"To."

Har wurin Malama ya je, ya bari sai da mutane suka taru sannan ya roƙe ta ta bari a kawo ta gaske. Ta ce masa ya ɓace mata da gani. Ya fito yana girgiza kai yana cewa, "Kun gani ko? Ni ake tauyewa."

Bai tsaya nan ba, ya zama malamin sharo. Shi ke gyara wa masu kalangu kiɗa, shi ke koya wa 'yan mata tafi. Ya kafa dokoki iri-iri da ba wanda ya san inda ya samo su. Babbar cikinsu ita ce, wai a sharo ba a yarda abokin karawa ya taɓa sandarka kafin a shiga fili, zai karya mata lago. Ya sa Gidado ya maimaita, don kada ya manta.

Ranar Asabar da la'asar ɗakin taro ya cika maƙil. Tasi'u ya gayyato 'yan ɗakinsu, 'yan ƙungiyar garinsu, har da mai shayin bakin ƙofa, wanda ya rufe teburinsa ya zo ganin jarumta. A layin gaba Malama Uwani na zaune da baƙon malami da aka gayyato daga wata jami'a don ba da maki.

A bayan labule Tasi'u na shafa mai a ƙirji yana fito, sai ya waiwaya ya ga Gidado a zaune da wani abu a kan cinyarsa. Fiton ya tsaya.

Sanda ce. Doguwa, baƙa-baƙa, miƙaƙƙiya sambal, ga ƙulli-ƙulli tun daga gindi har kai.

"Mutumina, wannan fa?"

"Taka ce. Ka yi ta ƙorafi, Ramlatu ta share maka hawaye."

"Malama ta gani?"

"Malama tana can layin gaba tare da baƙo tun ɗazu."

Tasi'u ya miƙa hannu zai taɓa. Gidado ya janye ta ya mayar bayansa. "Haba Yallabai, kai fa ka koya mana. Ba a ba abokin karawa."

'Yan matan tafi duk suna tsaye suna kallo. Tambaya ɗaya ce a bakin Tasi'u, amma ba ta tambayuwa. Mutumin da ya yi makonni yana neman sandar gaske, da wane baki zai ce, ta gaske ce? Ya yi dariyar yaƙe ya ce, "Yauwa. Yanzu aka zo wurin."

Ya zagaya ya sami Ramlatu tana goge fenti a yatsunta da tsumma.

"Hajiya, na yi wani tunani. Me zai hana jarumin ya bar rigarsa? Kin ga garin da ɗan sanyi-sanyi."

"Sanyi a watan Afrilu? Ga gumi nan yana zubo maka."

"To ko a nuna dukan a bayan labule, 'yan kallo su ji ƙara kawai? Haka manyan masu wasa ke yi."

"Malam Tasi'u, dukan nan shi ne wasan. Shiga ka shirya."

Ya koma wurin Gidado, ya ja shi gefe, ya rage murya. "Ka san dai ni ba komai zan ji ba. Kai nake ji wa. Irin dahuwar da aka yi min, dukan kan mai dukan yake komawa. Don lafiyar hannunka, ka sassauta."

Gidado ya ce, "Na gode da ka gaya min. Amma ka ce in na tausaya ba ka yafe ba. Gara hannun ya tafi."

Aka buɗe labule. Farkon wasan ya tafi lafiya, sai dai muryar jarumin ta koma kamar ta ɗan tsako. Aka zo fagen sharo. Kalangu ya ɗauka, 'yan mata suka kewaye fili suna tafi. Tasi'u ya tuɓe riga, haƙarƙarinsa suka fito reras. Mai shayi ya miƙe daga baya ya ce, "Sai kai, na ruga!"

Ya ɗaga madubi. Hasken madubin na ta yawo a rufin ɗakin kamar ana neman ɓera da tocila. Kuma maimakon ya ga fuskarsa a ciki, Gidado yake gani yana zagaya shi a hankali, yana auna haƙarƙari.

Gidado ya kaɗa sandar a iska. Fiuuu.



Gidado ya ja da baya, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga ta sama da hannu biyu. Kalangu ya yi tsit.

"Wayyo Inna!"

Madubi ya tashi sama ya dawo ya tarwatse. Tasi'u ya yi tsalle ɗaya ya bar dandamali, ya dira kan teburin baƙo, gorar ruwa ta kife a kan babbar riga. Ya bi tsakiyar 'yan kallo fiii, ya ture mai shayi, ya fice ta ƙofar baya ba riga ba takalmi.

Gidado ya tsaya da sanda a sama, ya rasa wanda zai daka. Sai ya juya ya ɗaga ta ga 'yan kallo kamar wanda ya ci fili. 'Yan mata suka rangaɗa guɗa, Ramlatu ta ja labule, ɗaki ya kaure da tafi.

Malama Uwani kuwa ba ta tafa ba. Ta hau dandamali ranta a ɓace, ta sa aka buɗe labulen.

"Ramlatu, me na ce muku game da sandar gaske? A nemo min yaron nan."

A bayan tankin ruwa aka same shi. Aka shigo da shi mutum biyu na riƙe da shi, ya dafe haƙarƙari yana ɗingishi. Da ya ga fuskar Malama, sai ya gane akwai sauran mafita.

"Malama, ta same ni. Ina jin ƙashi ya tafi. Ko a ruga ba a irin wannan dukan, wannan neman rai ne. Da wani ne ba ni ba, da yanzu ana salati."

Gidado ya ce, "Ni fa ban sauke hannu ba."

"Ka sauke. Sauri ne da kai, ba wanda ya gani."

Malama ta ce, "Ba ni sandar."

Ta karɓa. Ta jinjina ta a hannu, ta matsa ta da yatsa, yatsan ya nutse. Sai ta kama kai da gindi ta lanƙwasa su suka haɗu kamar awarwaro, ta saki, sandar ta miƙe tana rawa.

Ramlatu ta ce, "Soson nan ne dai, Malama. Ya ce bai yi kama da sanda ba, shi ne na zura masa siririn tiyo a ciki, na ɗaure ƙullin da zare, na yi masa fenti."

Malama ta dubi Tasi'u, ta dubi hannunsa da ke dafe da haƙarƙari. Ta ɗaga sandar ta sauke masa a tsakiyar kai.

Fuf.

Baƙon malami ya cire tabarau ya kifa kai a kan jiƙaƙƙen teburinsa, kafaɗunsa na rawa. Mai shayi ya ce a ba shi hanya, ya bar ruwa a wuta.

Da sakamako ya fito, rukunin ya ci, Ramlatu ce ta fi kowa maki. Tasi'u ya maimaita kwas ɗin da 'yan bayansa, aka ba shi jan labule.