Manaja Zakiyyu da Ƙofar da Ta Ƙi Inji

Duk ƙasar Daura, daga Baure har Kongolam, ba a taɓa yin mutum mai tsari kamar Manaja Zakiyyu ba. Shi da kansa ya sha tabbatar da haka. Shi ke riƙe da masana'antar man gyaɗa ta Hajiya Ummukulsum, ma'aikata kuwa suna kiransa Sai-a-Rubuce, don ko gaishe shi ka yi, ya fi so ya gani a takarda.

Bara Hajiya ta sayo sabon injin matsar mai, ta ce a kafa shi kafin gyaɗa ta shigo kasuwa. Manaja ya gyara wuyan kwat, ya kafa kwamiti. Kwamitin ya haifi ƙananan kwamitoci uku, duka shi ne shugaba. Kullum da hantsi sai a kashe tsohon inji, kowa ya zo taron yadda za a hanzarta aiki.

A zama na shida, Malam Saminu, bakaniken da ya shekara ashirin a wurin, ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, na auna. Injin nan ba zai shiga ta ƙofar ba, sai an fasa bango."

Manaja ya yi masa murmushin tausayi. "Malam Saminu, a kamfanin zamani magana ba ta tsallake. Ka rubuta wa shugaban sashenka, shi ya turo mini."

"Ai ni ne shugaban sashen."

"To ka rubuta wa kanka. Tsari tsari ne."

Saminu ya rubuta wa kansa, ya amince, ya turo. Takardar ta kwana goma sha ɗaya a teburin Manaja, don ba a sa mata lambar fayil ba. Inji na waje cikin akwatinsa, awaki na hutawa a kai. Manoma suka fara wucewa da buhunansu gaba, ma'aikata suka shiga fargabar sallama.

Ana cikin haka aka gayyaci Manaja kwas na kwana uku a Katsina, kan saurin kammala ayyuka. Kafin motarsa ta kai Mashi, Hajiya ta iso. Ta saurari Saminu na minti biyu.

"Ku kawo guduma," in ji ta.

Ranar da Manaja ya dawo, ya tarar inji na ruri, mai na tsiyaya, motocin gyaɗa sun yi layi. Ya tsaya ta wajen ɓarakar bangon, ya gyaɗa kai cikin ƙasaita.

"Kun gani ko? Shugaba na ƙwarai, ko ba ya nan aikinsa na tafiya."

Hajiya ta gamsu da wannan magana ƙwarai. Tun daga lokacin, da zarar aikin gaggawa ya taso, sai ta nemo masa kwas. Yanzu haka takardun shaidarsa sha huɗu, kuma yana gaya wa kowa cewa Hajiya ba ta da wanda take ji da shi kamarsa.