Kogo Ɗaya, Gida Biyu

A wani daji da gobara ta ci rabinsa, kuka ɗaya ce ta rage mai kogon da za a iya zama a ciki. Ƙudan zuma suka ce nasu ne, jemagu ma suka ce nasu ne, kuma kowane ɓangare ya rantse ba zai zauna da wanda tsarinsa ya saɓa wa nasa ba.

Majalisar dabbobi ta zauna, Gwaggon Biri na shugabanta. Da yake ba ya son ɓata wa kowa, sai ya ja Magajiya, uwar zuma, gefe ya ce, "Ranki ya daɗe, kogo naku ne ku kaɗai." Da yamma ya faɗa wa Barau, dattijon jemagu, haka nan. Sannan ya sa aka kira Inna Kuluwa, hawainiyar da ke zaune a reshen kukar.

"Inna, majalisa ta lura idanunki kowanne da inda yake kallo. Saboda haka mun ɗora miki wannan amana: duka su zauna a kogon, kada ɗaya ya san da ɗaya. Yadda za a yi kuwa, mun bar wa hikimarki."

Inna Kuluwa ta roƙi zanzaro suka raba cikin kogon biyu da katangar laka. Ƙofa dai ɗaya ce, don haka ta tare a bakinta, ido ɗaya a kan zuma, ɗaya a kan jemagu. Da magariba, lokacin da waɗannan ke dawowa waɗancan ke shirin fita, sai ta tsare jemagu da hira har zuman ƙarshe ya shige. Da asuba ta juya. Kowa na bin dokarsa, kowa na cewa gidansa ne. Ita kuwa barcinta ya zama rabi-rabi, amma ta saba da su har takan gane wanda bai dawo ba.

Shekaru suka ja, idonta na hagu ya fara yana. Ta ɓoye, ta yi ta juya wuya, har ranar da wani zuma da ya makara ya yi karo da jemage a ƙofa. Ba wanda ya ji ciwo, amma hankalinta ya tashi. In asiri ya tonu, wani zai rasa gida.

Washegari ta lallaba wajen Magajiya. "Ranki ya daɗe, akwai abin da ya kamata ki sani. Ba ku kaɗai ba ne a kogon nan."

Magajiya ta yi murmushi. "Inna, tun sanyin farko muka sani. Wa kike tsammani yake ɗumama mana katanga? 'Ya'yanmu a jikinta muke kwantar da su."

Da ta je wa Barau, dariya ya yi. "Haba Inna! Kunne fa muke da shi. Da gunjinsu jariranmu ke barci."

"To me ya hana ku faɗa mini?"

"Mun ga kina son aikin," in ji shi a hankali. "Kuma hirar magaribar nan, mu ma muna so."

Idon Inna Kuluwa da ya rage ya ciko da hawaye.

Ba a rushe katangar ba, don har yanzu zuma na ganin kwana kai ƙasa rashin tarbiyya ne, jemagu kuma na ganin aikin rana wauta ce. Amma suka koyi jiran juna a ƙofa. Ita ma ba ta bar wurinta ba, sai dai yanzu takan yi gyangyaɗi, kuma masu wucewa kan rage ƙarar fiffike.

Da labari ya kai majalisa, ta yaba wa kanta, ta ba da umarni a raba kowane sabon kogo da aka samu a dajin biyu. Laka dai ba ta yi wuyar samu ba.