Yadda Ake Nuna wa Suruka Gida Mai Taya

Idan ka bi matakan nan yadda na tsara su, na yi maka alkawari surukanka za su zo ganin gidanka su koma suna sa maka albarka, ko da ba ka mallaki bulo ɗaya a garin Jidda ba. Ni Lado nake faɗa maka, mai tsaron ƙofa a wani filin shaƙatawa da ke bakin ruwa a Abhur, inda masu hali ke zuwa da karafan, su kwana su sha iska. Karafan, idan ba ka sani ba, mota ce da aka cusa wa gida a ciki: gado, kicin, banɗaki, har da na'urar sanyaya ɗaki. Dokokin wurin nan na fi riƙe su a kan sunayen jikokina.

Dabarar kuma an gwada ta a kan mutum mai rai, wato Rafi'u direba, mai neman auren Mastura 'yar Hajja Zubaidatu ta unguwar Sa'alaba. Mazan gidan sun riga sun amince. Hajja ce ta ce ba za a sa rana ba sai ta ga inda za a ajiye mata 'ya da idonta, kuma a gidan nan maganarta ce ta ƙarshe.

Mataki na ɗaya: Ka samo gidan, ba lallai naka ba

Ka zama direban mai karafan. Rafi'u yana tuƙa wa wani bawan Allah mai suna Turki, wanda ke kawo tasa nan duk lokacin sanyi, ya kafa ta, ya bar Rafi'u yana kwana a ciki yana kula da ita. Ka nemi izinin kafilinka, wato ubangidan naka, cewa za ka yi baƙi ranar da ba ya nan. Kada ka ja bayani. Ka ce 'yan'uwa ne za su zo shan shayi, kuma ai za su sha.

Mataki na biyu: Kada ka yi ƙarya, ka bar magana ta yi ƙiba da kanta

Maƙaryaci ɗan koyo ne. Gwani gaskiya yake faɗa, ya koma gefe. Abin da Rafi'u ya faɗa ranar gaisuwa shi ne yana da wurin kwana a Abhur. Gwaggo Mariyamu, ƙanwar mahaifin Mastura, ta ji ɗaki. Ta faɗa wa maƙwabciya a waya, ya zama ɗaki biyu da falo. Kafin labarin ya haye teku ya je wa dangi a Sudan ya dawo, ya zama gidan sama mai lambu.

Da ya koma gaisuwa, Hajja ta ce, "Rafi'u, ashe gida gare ka a bakin ruwa? Masha Allah."

To a nan ake gane ɗan mutunci. Kana durƙushe gaban uwar yarinyar da kake nema, da wane baki za ka ce mata ba haka ba ne? Ka kalli tabarma, ka ce alhamdulillahi. Haka ya yi.

Yarinyar za ta ba ka matsala. Mastura ta san ainihin abin da ya kama musu ɗaki ne da falo a unguwar Mahjar, a saman gidan burodi, kuma ta ce ya ishe ta. Kullum sai ta ce masa, "Ya Rafi'u, ka gaya wa Ummi kawai, halas, a wuce wurin." Ka ce mata insha Allahu, ka ci gaba da jan ƙafa.

Mataki na uku: Ka kafa gidan, ka rufa masa asiri

Kowane fili a nan yana da turke mai wuta da famfo. Ka zaɓi na can ƙarshe kusa da shinge, ka jona wuta, ka cika tankin ruwa, ka buɗe rumfa. Sai babban aiki: tayoyi. Ka jera matasan kai a gabansu, ka rataya darduma, ka ajiye tukunyar fure daidai lambar mota. Wajen sitiyari kuwa ka ja labule, ka ce ɗakin ajiya ne, a hargitse yake.

Idan wata ta tambaye ka me ya sa gidajen maƙwabta duk suke da taya, ka girgiza kai cikin tausayi, ka ce 'yan haya ne.

Mataki na huɗu: Dokar adadi

Allon da ke bakin ƙofa ya ce kowace karafan mutum shida. Wanda ya rubuta dokar nan bai taɓa ganin mata sun zo ganin ɗaki ba. An ce wa Rafi'u mutum uku za su zo. Bas ce ta zo, da tabarmi, da kuloli, da Mastura kanta, da wata tsohuwa da har aka tashi babu wanda ya san ko ta wane ɓangare ce.

Maganin wannan gaisuwa ce. Ka sa manya su fara sauka su gaishe da mai gadi da Hausa, su tambaye shi aiki, da iyali, da gajiya, da mutanen gida, sauran su wuce ta bayansu. Ni dai na ƙirga har shida, sai Hajja ta tambaye ni 'yan wane gari ne iyayena, muka gano kakanninmu sun yi maƙwabtaka. Ban ƙara ganin kowa ba.

Mataki na biyar: Ka ji tsoron mai tef

Duk tawagar ganin ɗaki akwai mace ɗaya da ta zo aiki, ba shan iska ba. A nan Gwaggo Mariyamu ce, da tef ɗin awo a wuya kamar tela. A ranta ta riga ta sayi gado, da sif, da kujeru, da kabet ɗin jera tangaran. Ta auna tsawo, ta auna faɗi ta ce a riƙe mata tef ɗin da kyau, ba a riƙe daidai ba.

Za ta tura gado ya ƙi motsi. Za ta tambayi dalilin da aka ɗaure tebur da ƙusa a ƙasa, da dalilin da kowace durowa take da sakata. Amsa ɗaya ce, ka haddace ta: iskar teku. Idan ta ce tun da take ba ta taɓa ganin gidan da ake dafa shayi daga kan gado ba, ka ce tsarin zamani ne, don sauƙaƙa wa amarya. Da ka ga hannunta ya nufi labulen nan, ka miƙa mata agashe, tsiren mutanen Sudan.

Mataki na shida: Dokar wuta

Ba a kunna wuta sai a wurin gashi da aka keɓe, can gefen masallaci. Kai ka san wannan, ni na sani. Amma ka je ka faɗa wa matan da suka tashi a Sudan cewa za su shiga ɗakin amarya babu turaren wuta, ka ga yadda za su dube ka. Kafin Rafi'u ya buɗe baki, kasko ya zaga gidan, kuma gidan ba shi da nisan zagawa.

A rufin kowace karafan akwai wani ɗan farin abu da ba ya son hayaƙi. Ya fasa ƙara, tsohuwar nan ta fara salati, maƙwabci ya taho a guje da tukunyar kashe gobara. Kada ka ruɗe. Ka ɗauki sallaya ka yi wa abin fifita har ya huce. Maƙwabcin bai yi fushi ba, matarsa ma ta aiko a sam mata turaren.

Mataki na bakwai: Ka riƙe cikinka, ka sa ido a kan tanki

Ba za ka ci ba, ba za ka sha ba, surukai na kallo. Banɗakin gidan kuwa ƙofarsa tana gab da gwiwar Hajja, saboda haka ka manta da shi. Akwai na jama'a kusa da masallaci, mai tsabta, da ruwan zafi. Idan ta matsa, ka ce za ka duba mai gadi.

Matan ba za su je can ba. Wa zai bar banɗakin gidan 'yarsa ya tafi na jama'a? La'asar ta yi, kowace ta yi alwala a natse, aka wanke kofuna, Gwaggo ta ga ƙasa ta yi yashi ta sa aka wanke ta. Abin da ba su sani ba, ruwan gida mai taya ba ya bin kwata ya tafi. A tanki yake taruwa a ƙarƙashin ƙafarsu. Wata 'yar fitila ta koma ja, ruwa ya fara leƙowa ta ƙasan wurin wanka.

Ga babbar dokar filin nan, wadda ba a yi mata gaisuwa: ruwan datti ba a zubar da shi sai a ramin da aka gina masa, can ɗaya ƙarshen, kuma da motar ake zuwa. Wanda ya zuba a yashi an kore shi ke nan, shi da mai motar.

Mataki na takwas: Ka zagaya baya

Shawarar gwani ita ce ka zagaya bayan gida kamar mai amsa waya, ka murɗa famfon tanki a hankali, ka tura yashi da ƙafa. Babu wanda zai gani, sai wanda ya je nema. Gida ya zauna, aure ya zauna.

Rafi'u ya zagaya. Daga ƙofata ina hango shi a tsugune, hannunsa a kan famfon, ya daɗe a haka. Sunan Turki ne a kan filin, mutumin da ya ba shi makulli bai tambaye shi komai ba. Yashin kuma nan yaran maƙwabta ke wasa da safe. Ya miƙe, ya kakkaɓe hannu, ya dawo ya durƙusa a bakin ƙofa. Wallahi na ji tausayinsa.

"Hajja, a gafarce ni. Gidan nan sai ya tashi."

Ya faɗi komai, kansa a ƙasa: mota ce, ta kafilinsa ce, nasa ɗaki ne da falo a Mahjar, tagarsa bango take kallo, kuma da asuba zafin tanda yana hawowa. Gwaggo ta zauna a kan kula ba ta sani ba. Mastura ta toshe baki da mayafi, ban iya gane kuka take ko dariya ba.

Hajja ta ce kowa ya fita da tabarmarsa. Ita ba ta fita ba. Ta yaye labulen da hannunta, ta zauna a kujerar gaba, ta ɗaura bel.

"Rafi'u, ja mu je."

Aka kwashe matasan kai, aka cire wuta, gida ya kama hanya a hankali, kofuna suna ƙara a cikin durowa. Abin da aka yi a ciki Rafi'u ne ya ba ni labari. Ta ce tun daga bas ta gane mota ce, ba yau ta zo Jidda ba, ta yi shiru ne ta ga iya inda zai kai. Ta ce gidajen da ta zauna a garin nan suna da yawa, kowanne da harsashinsa a ƙasa, kuma babu wanda ba a tashe ta daga cikinsa ba.

"Tashin gida ba ya ba ni tsoro, na saba," in ji ta. "Wanda zai ɓoye wa 'yata cewa za a tashi, shi nake tsoro."

Ta zauna tana kallonsa ta taga ya jona tiyo, ya juye, ya ɗauraye, ya wanke hannu. Sannan suka dawo.

Mataki na tara: Ka saurari abin da ba a faɗa ba

Ta sauko, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ko inda yake ba ta duba ba. Ta ce wa Gwaggo, "Mariyamu, naɗe tef ɗinki. Ki tambayi yaron nan ranar da za ku je Mahjar." Ta shige bas.

Bayan sun tafi ya zo ƙofata kamar wanda aka zare wa laka. Ya ce shi ke nan, ta tsane shi. Wuni guda tana Rafi'u kaza, Rafi'u kaza, yanzu ko sunansa ba ta son furtawa, ya koma yaron nan. Yaran da aka haifa a nan sai a hankali, suna jin Hausa amma rabinta ke shiga.

Na ce masa, "Kai, zauna. Mutum uku Bahaushiya irin Hajja ba ta kama sunansu: mijinta, ɗanta na fari, sai mijin 'yarta. A cikin ukun nan wanne ne kai?"

Ya tsaya yana kallona. Sai ya zauna a ƙasa, nan gefen kujerata, ya rufe fuska da hannu biyu.

A wanke ni

Duk wanda ya bi matakan nan, shi ya jiyo. Ban san shi ba, ban taɓa ganinsa ba, kuma adadin baƙi a filin nan har gobe mutum shida ne. Alkawarin da na yi a sama na janye shi, domin mutum ɗaya tak da aka gwada dabarar a kansa ya watsar da ita a mataki na takwas, kuma shi aka sa wa rana. Idan kai ka murɗa famfon, surukarka ta koma gida tana yabon gidanka tana kiran sunanka raɗau a gaban kowa, kada ka zo ƙofata neman fassara.